Kafin a kwance kafireto

A garejojin unguwar Zongo da ke yammacin Wagadugu, da wuya a turo tsohuwar motar da ta mutu a hanya mai ita bai riga ya yanke hukunci ba. Tun makanike bai ɗaga bonet ba za ka ji an ce masa: "Maigida, kafireto ne, a wanke min shi." Shi ma makaniken sau da yawa ba ya musu, domin wankin kafireto aiki ne da ido ke gani, kuma aikin da ido ya gani ba a gardamar kuɗinsa. Yaro ya kawo kwano da fetur, a kwance, a wanke, a busa, a ɗaura. Mota ta tashi, mai ita ya biya ya tafi. Bayan kwana biyu sai ta sake mutuwa yadda ta saba.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Kafireto shi ne wuri na ƙarshe da mai ke isa kafin ya shiga inji, don haka shi ya kamata a taɓa daga ƙarshe. Tsakanin murfin tanki da bakin kafireto akwai wurare da yawa da mai zai iya maƙalewa, kuma kusan dukkansu ana gane su da ido da kunne da hanci da farar kwalba guda, ba a kwance ko noti ɗaya a jikinsa ba.

Abin da ya sa na damu shi ne kayan ƙarewa suke yi. Tun da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 1 ta fara aiki a Turai a 1992, kamfanoni suka koma injekta, kuma motocin hannu da ke shigowa Burkina yanzu, waɗanda ake kira "France au revoir", kusan duk ba su da kafireto. Abin da ya rage a hannunmu tsofaffi ne: Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya da ke jigilar itace da hatsi da 'yan kasuwar ƙauye, da Renault 4 jefi-jefi, da tsofaffin Corolla, da wasu Mercedes 190 masu fetur. A kansu akwai Solex da Zenith da Aisan da Pierburg da suka haura shekara 30 suna aiki. Masu 504 sun ɗan ci sa'a, domin kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, har yau kayanta ba su yanke a kasuwannin yankin ba. Duk da haka, gangar jikin kafireto idan zarenta ya cinye ko bakinta ya lanƙwashe saboda yawan ɗaurewa da kwancewa, sai dai a nemi wata tsohuwar, ita ma da nata ciwon.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Fetur na kwance a tanki can baya. Famfo, wanda ke manne a jikin inji kuma injin ne ke motsa shi, yana zuƙo man ta bututun ƙarfe da tiyo, ya bi ta filta, ya tura shi cikin wani ɗan kofi da ke jikin kafireto. A cikin kofin akwai fulot da ke yawo a saman mai. Kofi ya cika, fulot ya taso ya danna wata allura ta toshe ƙofa. Mai ya ragu, ya sauka allura ta buɗe. Daga kofin nan ba famfo ne ke tura yawancin mai cikin inji yana tafiya ba. Iskar da fistin ke zuƙa ce, idan ta zo wucewa ta maƙogwaron kafireto inda ya tsuke sai ta ƙara gudu, ta janyo mai ta cikin jet, wato 'yan ƙananan ramukan tagulla da aka auna faɗinsu, ta farfasa shi ya zama feshi. Duk wanda ya san famfon filit na da, wanda ake fesa maganin sauro da shi, ya riga ya san dabarar. Abin da inji ke so kuwa kusan kilo 14.7 na iska ne ga kilo 1 na fetur. Mai ya yi kaɗan, mota ta yi tari ta baya, ta rasa ƙarfi, ta yi zafi. Ya yi yawa, ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya jiƙe, wari ya cika wuri. Ciwo biyu ne mabambanta, amma direba yakan kira su da suna ɗaya, ya ce mai ba ya zuwa.

Saboda haka aikin farko tambaya ce. Makaniken kirki yakan tsayar da mai mota ya ce, "Alhaji, yaushe take yi maka haka?" Amsar nan ta fi rabin binciken. Motar da ke tashi lafiya da safe, ta yi silo lafiya, ta zaga unguwa lafiya, amma da an hau kwaltar zuwa garin Bobo an taka ta da kaya sai ta fara fizga, ta nuna mai na zuwa amma bai isa ba: kofi na ƙarewa kafin famfo ya cika shi. Wadda ke tafiya minti goma ta mutu, a huta kaɗan ta tashi ta sake yin minti goma, a duba tanki da numfashinsa. Wadda sai da tsakar rana take yi, ko bayan an kashe ta an shiga masallaci an fito, zafi ne. Wadda ta fara bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan ruwan sama, a duba man kansa. Wadda kuma ke gudu lafiya amma da an ɗaga ƙafa a danja ta mutu, to ita ce aka fara samun dalilin kallon kafireto.

Kafin duk wannan ma sai an tabbatar cewa ciwon na mai ne, domin wuta na yawan ɗora wa mai laifinta. Koyil da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi ya yanke idan ya ɗau zafi, ya dawo idan ya huce. Kwandansa da kontak da suka ƙone sukan sa mota fizga irin wadda ƙarancin mai ke sawa. Bambancin da kunne ke kamawa shi ne, wuta idan ta yanke yawanci inji ɗif yake yi nan take, mai kuwa idan yana ƙarewa sai mota ta yi ta shure-shure, ta ja, ta saki, ta sake ja, sannan ta kwanta. Gwajin ido ya fi wannan tabbas. A cire murfin filtar iska, inji a kashe, a leƙa maƙogwaro, a ja totur da hannu. A yawancin kafireton mota akwai ɗan famfon da ke tsarta mai duk lokacin da aka taka. In an ga tsartuwar, akwai mai a kofi, sai a juya a duba ko fulogi na ba da shuɗiyar wuta mai ƙarfi. In ba a gani ba, a zuba fetur cikin murfin kwalba ɗaya a maƙogwaron, a mayar da murfin filta, kowa ya ja baya, sannan a buga sitata. Ta tashi na ɗan lokaci ta mutu? Wuta lafiya, mai ne bai iso ba. Abin da nake roƙon masu gareji su hana shi ne yaro ya tsaya da galan yana tsiyaya mai a maƙogwaro wani yana buga sitata. Tari ɗaya inji zai yi wuta ta biyo man zuwa hannu da fuska.

To, an tabbatar mai ne. Sai a koma bayan mota, inda ba kowa ke son zuwa ba saboda sai an durƙusa.

Tanki yana buƙatar iska ta shiga ta maye gurbin man da ya fita. A tsofaffin motoci wannan numfashi ta murfi yake ko ta wani siririn tiyo a wuyan tanki. A hanyoyin Zongo da babu kwalta, jar ƙura na haɗuwa da danshin mai ta zama laka ta liƙe wannan rami. Ko kuma murfin asali ya ɓata a sayo wani da ba ya numfashi. Famfo ya yi ta ja har ya kasa, mota ta mutu, a tsaya iska ta sulale ta shiga a hankali, ta tashi. Gwajinsa kyauta ne: da ta mutu a buɗe murfi, a saurari ko iska za ta ruga ciki, a tayar, a ɗan yi tafiya murfin a sassauce. In ciwon ya tafi an gama. Akasin haka shi ne masu toshe bakin tanki da tsumma ko leda. Su tankinsu na numfashi har ya wuce kima, ƙurar hunturu da ruwan damina duk suna shiga.

Sai abin da ke kwance a gindin tankin. A nan dole a yi maganar aljihu. A watan Fabrairun 2023 litar fetur Super 91 ta kai sefa 850 a Burkina. Direban da ke shan man sefa dubu ɗaya ko biyu yana yawo ne da lita ɗaya zuwa biyu a tankin da ya haura lita 50. Sauran filin duk iska ce. Da damina wannan iska na ɗauke da danshi, dare ya yi ta zama raɓa a bangon tanki, bango ya yi tsatsa, tsatsa ta zubo. Ɗan man da ke ciki yana kaɗawa a kan gargada yana kwasar dattin yana kai shi bakin bututu, inda akwai 'yar raga. Datti ya taru ya rufe ragar, mota ta mutu. Famfo ya daina ja, datti ya saki ya koma ƙasa, mota ta tashi. Wannan ne ya sa wankin kafireto ke yaudarar mutane. Awa ɗaya da motar ta yi a tsaye a gareji ita ce ta warkar da ita na ɗan lokaci, wankin ya karɓi yabo.

Shi ma man yana da doguwar tafiya kafin ya iso. Burkina ba ta da teku. Kamfanin gwamnati SONABHY, wanda aka kafa a 1985, shi ke shigo da mai da tankoki daga tashoshin jiragen ruwa irin su Lome da Kwatano da Tema, ya tara a ma'ajiya irin ta Bingo da ke yamma da Waga, daga nan ya tafi gidajen mai. A unguwannin gefen gari kuma akwai masu sayarwa a kwalba a bakin hanya. Mutane na saurin zarginsu da algus, ni kuwa ina ganin zargin na bai ɗaya bai dace ba. Akwai masu haɗawa da kalanzir, wannan gaskiya ne. Amma da yawansu daga gidan mai suke sayowa, kuma su ne ke fitar da mutum kunya idan mai ya ƙare masa nesa da famfo. Inda ɓarnar ta fi shiga shi ne jarkar da aka taɓa zuba ruwa a ciki, da mazurarin da ke kwance a ƙasa, da kwalbar da ta wuni a rana har sassan fetur masu saurin kamawa suka tashi. Maimakon musu, a tsiyayi man a farar kwalba a ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da iyaka a fili. Tsatsa za ta nuna ja. Kalanzir kuwa a ɗiga a farar takarda: fetur zalla ya bushe da wuri, gauraye ya bar maiƙo.

Daga tanki zuwa famfo akwai wani ciwo da ke wahalar da ma ƙwararru, domin ba ya ɗiga. Wannan ɓangaren zuƙa ake yi, ba turawa ba. Tiyo idan ya tsage a nan, maimakon mai ya fito, iska ce ke shiga. Ƙasan mota a bushe, ba wari, amma famfo kumfa yake sha. Farar filtar roba da ake gani ta cikinta tana tona wannan, domin za a ga kumfa na bin man ba ya yankewa. Wani tiyon kuma waje lafiya, ciki ya kumbura ko ya ɓare yana rufe hanya idan an ja da ƙarfi. Mafi yawan wannan daga tiyon da ba na fetur ba ne, irin na ruwa da ake yankowa a kasuwa don ya fi araha. Filta ita ma tana da kibiya a jiki mai nuna inda mai ke bi, kuma ana ɗaura ta a juye fiye da yadda ake zato.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. A sa tiyo mai kyau daga galan mai tsabtataccen fetur zuwa bakin famfo, a bar tanki gefe. Mota ta warke, ciwon na baya ne. Ba ta warke ba, a ɗaga galan sama a haɗa shi kai tsaye da kafireto, mai ya gangaro da kansa. Ta warke yanzu, famfo ne. Har yanzu tana yi, to sai a ɗauko sukudireba. Wannan gwaji ne na cikin gareji, da yashi a kusa. Na sha ganin an mayar da shi gyara, an ɗaure galan a cikin mota kusa da fasinja ana ta aiki da shi wata da watanni, kuma babu uzurin da zai sa in yarda da hakan.

Famfon kansa 'yar fatar roba ce da ke sama da ƙasa, da bawul biyu. A cire tiyo daga bakin kafireto a sa a kwalba, a cire wayar koyil don kada wuta ta tashi, a buga sitata. Lafiyayyen famfo zai riƙa feso mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In yana dalala, ya gaji. A kuma zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. Idan fatar ta huje, fetur na zarcewa cikin inji ya tsinka baƙin mai, har a ga awon yana ƙaruwa maimakon raguwa. Wanda ya ga haka ya ci gaba da tuƙi, inji zai saya.

Da famfo ya mutu, yanzu an fi son sa na lantarki. Ba laifi idan irin na kafireto ne, mai tura mai a hankali, da matsin wajen bar 0.2 zuwa 0.3. Masifar ita ce a ciro na motar injekta, wanda aka yi don ya tura wajen bar 3, ninki goma ke nan. Allurar fulot ba za ta iya tare shi ba, kofi ya tumbatsa, mai ya malalo kan inji mai zafi. Sai a dawo ana cewa kafireto na ambaliya, a lanƙwasa fulot, a ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Kuma in an haɗa shi da makulli kai tsaye, ko inji ya mutu a hatsari shi ba zai daina turo mai ba.

Watannin Maris da Afrilu da Mayu suna da nasu ciwon. Zafin Waga na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kuwa ya ninka wahalar. Sassa mafi sauƙi na fetur suna fara tafasa tun wajen digiri 35 zuwa 40, kuma zuƙar famfo na ƙara sauƙaƙa tafasar. Mai ya zama tururi a cikin bututu, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Tsoffin direbobi sun san maganin gaggawa, jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, kuma in mota ta tashi bayan haka an gano ciwon. Ɗan'uwan wannan shi ne wanda ke zuwa bayan an kashe inji: zafi ya hau kafireto, man kofi ya tafasa ya zube cikin maƙogwaro, a dawo mota ta ƙi tashi tana warin fetur. Direba ya yi ta dannan totur yana ƙara mata mai a kan wanda ya shaƙe ta. Abin yi shi ne a taka totur har ƙasa sau ɗaya, a riƙe, a buga sitata har iska ta share. Gyara na dindindin kuwa sau da yawa mayar da abin da aka zubar ne. Kamfani ya sa wani kauri mai hana zafi wucewa a ƙarƙashin kafireto da famfo, da faifan ƙarfe tsakanin bututu da salansa, a wasu motocin har da tiyon da ke mayar da rarar mai tanki don ya riƙa zagayawa yana hucewa. Waɗannan su ne ake cirewa a ce ba su da amfani.

Idan duk an wuce waɗannan, an zo kan kafireto, nan ma akwai na dubawa daga waje. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana sa mota shan mai da baƙin hayaƙi, kuma cire ta gaba ɗaya da wasu ke yi yana ba yashi hanya zuwa fistin. Cok da ya maƙale a rufe haka yake yi. Iskar sata kuma, ta gaskit ɗin gindi ko tiyon da ke zuwa birki ko sandar totur da ta cinye mazauninta, tana hana silo zama; ana jin shewarta, kuma in an toshe wurin da yatsa muryar inji na canzawa. Kafireto da yawa suna da 'yar na'urar lantarki a kan jet na silo wadda ke rufe mai idan an kashe makulli. Wayarta ɗaya ce. Ta zare, mota ba za ta yi silo ba ko an wanke sau goma. A kunna makulli, a taɓa wayar a jikinta, a saurari ƙas. Fulogi ma shaida ne: baƙi mai gawayi mai ya yi yawa, fari fat ya yi kaɗan, ruwan ƙasa daidai.

A cikin kafireton, abubuwan da ke lalacewa ƙalilan ne. Fulot ya huje ya sha mai ya nutse, in an girgiza shi kusa da kunne za a ji. Allura ta yi gwalo ta daina rufewa. Tsayin mai a kofi ya kauce daga awonsa. Jet ya toshe. A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, wato zura waya ko allurar ɗinki a jet. Lambar da ke jikin jet na Solex faɗin raminsa ce, ɗaya bisa ɗari na milimita, kuma tagulla ba ta da tauri. Zura ɗaya, rami ya buɗe, mota ta koma shan mai har abada, mai ita yana biya a kowace lita bai san dalili ba. Iska da fetur mai tsabta sun isa. Haka sukurun daidaita silo: bakinsa siriri ne, in an murɗa shi da ƙarfi har ƙarshe ya raunata mazauninsa.

Motocin haya masu launin kore da aka juya suna aiki da gas ɗin girki, duk da hanin hukuma, nasu daban ne. Kafireto ya yi watanni ba mai, robobinsa su bushe, ɗan fetur da ya rage a tanki ya tsufa ya zama danƙo. Ranar da gas ya yanke aka koma fetur sai komai ya ƙi. Wannan kam wanki ya wajaba, amma har da tanki. Babura kuwa, waɗanda su ne ƙafar mutanen Waga tun zamanin P50 da Yamaha Dame har zuwa na Sin da suka cika gari, yawancinsu ba su da famfo, mai gangarowa yake yi. A sassauta sukurun da ke gindin kofi: mai ya zubo ba yankewa, hanya a buɗe take, ya ɗiga ya tsaya, a duba makunnin mai da ramin murfi.

Na san abin da makanike zai ce, kuma yana da gaskiya. Idan ya buɗe murfin tanki ya huda laka da tsinke ya ce an gama, mai mota zai ce, "Maigida, ai ba ka yi komai ba," ya miƙa masa kuɗin shayi. Idan ya baje kafireto a faranti ya yi awa biyu, a biya shi ba musu. Muddin haka ake biya, haka za a ci gaba da kwancewa, yaran gareji kuma su tashi sun iya wanki ba su iya bincike ba. Masu mota ne za su fara gyara wannan: a yi cinikin kuɗin gano ciwo daban tun kafin a taɓa mota, a biya shi ko da gyaran na minti biyar ne. In kuma har ta kai ga sayen sabon ƙunshin gyaran kafireto, a ɗauki gaskit da robobi da allura daga ciki, amma jet na asali in ba a taɓa zura masa waya ba a mayar da shi wurinsa, domin na cikin ƙunshi mai araha ba kullum raminsa ke daidai da lambar da aka buga a jikinsa ba.